Jan ɓawon gyaɗa, ɓawon riɗi ko dusar waken suya: wanne ya cancanci a ajiye?

Duk ranar da Gwaggo za ta yi ƙuli-ƙuli, tsakar gidanta a Gangare sai ya koma ja. Ta soya gyaɗa a babban kasko, ta baza a tabarma ta huce, yara su mirje, sannan a sheƙe a faifai. Jan ɓawon nan marar nauyi ya tashi sama, iskar hunturun Jos ta yi gaba da rabinsa, sauran a share a kai wa awaki. Haka take yi tun kafin a haife ni.

Bana sai 'yarta, taubashiyata, ta ga wani bidiyo a Facebook inda ake cewa ɓawon ya fi gyaɗar kanta amfani a jiki. Ta ce wa uwar, "Mama, kuɗi fa kike sharewa da tsintsiya." Niyyarta ta niƙa shi, ta ɗura a 'yan robobi, ta sa masa suna ta riƙa sayarwa. Da ta ƙara bincike ta ga ana faɗin haka a kan ɓawon riɗi da na waken suya, sai ta rasa wanda za ta kama. Ta kira ni, da yake na yi karatun kimiyyar abinci, ta ce, "To malam boko, yau ga ranarka. Wanne ya fi?" Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba.

Sai mun fara sanin abin da ake nema a cikin ɓawon. Ka yanka dankalin turawa ka bar shi a faranti, kafin ka gama hura wuta ya soma duhu. Ka manta fartanya a waje damina guda, ta yi tsatsa. Ka bar man gyaɗa a galan wata da watanni, ya juya, ya soma wari, in ka ci ya riƙa yi maka maƙaƙi a maƙogwaro. Duk ukun aikin iskar oksijin ne. Akwai sinadarai da ke tare wannan ɓarna, su iskar ke fara ci kafin ta kai ga abin da suke karewa. Masana na ce musu antioksidan, ni kuwa a nan zan riƙa ce musu masu hana tsatsa. Ƙwayar da ke ɗauke da mai ita ta fi buƙatarsu, domin mai ne iska ta fi saurin lalatawa, ga kuma ƙwari da fumfuna na harinta. Shi ya sa tsiro kan jibge irin waɗannan sinadarai a rigar ƙwayar, kuma galibinsu masu ɗaci ne ko bauri.

Jan ɓawon gyaɗa shi ne kan gaba in ana maganar yawa, wannan kam bidiyon bai yi ƙarya ba. Cikin kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa, ɓawon bai wuce wajen kilo 3 ba, amma a ɗan wannan nauyi aka tara kaso mai tsoka na masu hana tsatsar ƙwayar. Mafi yawansu dangin tanin ne, waɗanda ake kira furosayanidin, tare da katekin, wanda ake samu a ganyen shayi ma. Akwai kuma resberaturol, wanda ya yi suna saboda inabi, sai dai abin da ke cikin gyaɗa ɗan mitsitsi ne, bai kai a yi masa talla ba.

Tanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙawa su jeme fata. Aikinsa kama furotin ya ɗaure, da haka ɗanyar fata ke komawa ƙirgi ta daina ruɓewa. Baurin da kake ji in ka tauna goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, tanin ne ya kama furotin na miyaunka, harshe ya yi kaushi. Ka riƙe wannan, domin daga nan alherinsa da sharrinsa duka suka fito. Abin da ya ɗaure furotin a bakinka zai ɗaure shi a cikinka, kuma yana kama sinadarin ƙarfe na abinci ya hana jiki ɗaukarsa. Ga wanda ya ci 'yar gyaɗarsa da ɓawonta a bakin titi, wannan ba komai ba ne. Ga mai juna biyu da likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ko yaron da ake yaye, cokali-cokali na garin ɓawo a kunu kullum ba taimako ba ne.

Yadda aka cire ɓawon ma yana da tasiri. Suya mai sauƙi, irin ta Gwaggo, ba ta kashe sinadaran nan sosai, sai in an bari ya ƙone. Jiƙo kuwa yana wanke su. Duk wadda ta taɓa jiƙa gyaɗa ta ga ruwan ya yi ja, to abin da ake nema ne ya fita ya bi ruwa. Sannan akwai ragowar mai a jikin ɓawon, don haka shi kansa in aka niƙa aka ajiye, yana juyawa. Abin dariya, mai gadi ma yana buƙatar mai gadi.

Amma babban abin da ya sa na taka wa taubashiyata birki shi ne gubar fumfuna. Gyaɗa a cikin ƙasa take nuna, kuma akwai wata fumfuna da ke zaune a ƙasar, wadda ke fitar da gubar afilatoksin. An gano wannan guba ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Brazil. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta gurɓace da ita. Wanda ke cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa, hanta take ci, har ta kai ga sankara, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ba ta da wari, kuma suya ko dafuwa ba su gama kashe ta.

Ina ruwan wannan da ɓawo? Mirjewa da sheƙewa na cikin hanyoyin rage gubar. Wani kaso nata yana fita tare da ɓawon, sannan sai an tuɓe wa gyaɗa rigarta ake ganin ƙwayar da ta yi baƙi ko rawaya a ciki a tsince ta. Abin da faifai ya watsar ba tsantsar ɓawo ba ne, akwai ɓarɓashin ƙwayoyin da suka motse, da ƙura, da duk abin da ya fi sauƙin tashi. In ka tattara wannan daga buhu goma ka niƙa wuri guda, ka tattara masu hana tsatsa, ka kuma tattara abin da ake gudu. A Jos kuma damina doguwa ce, watan Agusta bango ma gumi yake, buhun da ya kwana a ƙasan shago ba ya rasa danshi. Mai sayen gyaɗa a Katako bai san gonar da ta fito ba, bai san ko ruwa ya dake ta a shanya ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona makonni 2 zuwa 3 kafin fure don ya rage gubar tun daga tushe, amma ba a gane wanda ya yi amfani da shi ta kallon mudu.

Riɗi labarinsa daban ne, kuma a nan ne na ga mutane sun fi ruɗewa. Kowa ya san man riɗi yana daɗewa bai juya ba, ya fi yawancin mayukan girki haƙuri. Dalili shi ne wasu sinadarai nasa na kansa, sesamin da sesamolin. In aka soya riɗi, zafi yana juyar da wani ɓangare na sesamolin ya koma sesamol, wanda ya fi su ƙarfi wajen tare iska. To amma waɗannan sinadarai masu narkewa a mai ne, suna tare da man a cikin ƙwayar. Wanda ya surfa riɗi ya wanke ɓawon bai zubar da su ba, suna nan cikin kantunsa da mansa. Ga gyaɗa, ƙarfin yana riga. Ga riɗi, yawancin ƙarfin da ya yi suna da shi yana ciki.

Ba wai ɓawon riɗi fanko ba ne. Yana da nasa masu hana tsatsar, kuma na baƙin riɗi ya fi na fari nesa ba kusa ba. (Baƙin riɗi fa ba habbatus sauda ba ne, tsiro biyu ne da ba su haɗa dangi ba, na sha ganin ana cakuɗa su.) Abin da ya fi fice a ɓawon shi ne alli na ƙashi, wato kalsiyam. Giram 100 na riɗin da ba a surfa ba yana ɗauke da wajen miligiram 975, wanda aka surfa kuwa wajen 60. Masu talla suna son wannan lamba ƙwarai. Abin da ba su faɗi shi ne, yawancin kalsiyam ɗin a ɗaure yake da wani sinadari mai suna okzalet, jiki ba ya iya cire shi da sauƙi, kuma haɗin waɗannan biyun shi ne mafi yawan tsakuwar da ke taruwa a ƙoda. Wanda aka taɓa cewa yana da tsakuwar ƙoda, riɗin da aka surfa ya fi masa. Ɗacin da ke sa mata su jiƙa riɗi, su ɗan surfa a turmi, su wanke har ɓawon ya taso saman ruwa kafin su yi kantu, daga ɓawon nan yake. Iyayenmu ba su san sunan okzalet ba, harshensu ne ya gaya musu.

Ta fuskar kasuwa kuma riɗi ba kayan arha ba ne. Na Doma da sauran sassan Nasarawa, da na Binuwai da Jigawa, masu fitarwa zuwa Japan da Sin da Turkiyya suna rububinsa, su ke ja wa farashin sama. Ɓawonsa kuma a jiƙe yake fita, in ba a shanya nan take ba ya yi tsami. Ga mai ƙaramin jari, tara shi wahala ce da ba ta biyan kanta.

Waken suya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ɓawonsa wajen kashi 8 cikin 100 ne na nauyin ƙwayar, kuma kusan duk zare ne. Sinadaran da waken suya ya yi suna da su, isofilabon, suna cikin ƙwayar, sun fi taruwa a ɗan idon da ke tsirowa. Binciken da kike gani ana yabon ɓawon waken suya, in kin duba da kyau, yawanci a kan baƙin waken suya ne na Japan da Koriya da Sin, wanda launinsa ya fito daga antosayanin, dangin abin da ke ba zoɓo ja. Namu na masu awara rawaya ne, ba ya da wannan. In antosayanin kike so, kofin zoɓo ya fi kusa kuma ya fi daɗi. Inda ɓawon waken suya ya yi zarra shi ne gaban tumaki da shanu, domin zarensa mai laushi ne, tumbinsu na narkar da shi sosai, ga shi ba bauri. Mai awara da ke sayar wa masu kiwo dusarta ta riga ta kai shi inda ya dace.

Ƙwanson gyaɗa na waje yana da wani sinadari mai kyau, lutiyolin, amma shi ne ya kwanta cikin ƙasa wata da watanni, kuma itace ne kawai in ka tauna. A bar shi a shimfiɗar ɗakin kaji da bakin murhu.

Angurya na kawo ta ne don darasin da ke cikinta. Tana ɗauke da gosifol, wanda a ɗakin gwaji yake tare iska da ƙarfin gaske, amma guba ne ga mutum da kaza. A ƙasar Sin a shekarun 1970 har an gwada shi a matsayin maganin hana maza haihuwa. Masu kajin ƙwai, waɗanda Jos ke da su birjik daga Bukuru har Vom, sun san in tunkuzar angurya ta yi yawa a abinci, gwaiduwa kan ɓata launi in ƙwan ya ɗan kwana biyu. Shanu da tumakin da suka girma sun fi jure masa. Kenan a ce abu yana hana tsatsa bai nuna ana iya ci ba.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake samo lambobin da ake yaɗawa. Gwajin da aka fi yi mai sauƙi ne, na yi shi da hannuna muna ɗalibai. Akwai wani ruwa mai launin shunayya, sai ka ɗiga masa abin da ka tatso daga ɓawo, ka zuba ido. In abin yana da ƙarfi, shunayyar ta dushe ta koma rawaya. Ruwan jan ɓawon gyaɗa kafin ka ajiye kwalbar ya kashe launin, abin sha'awa. Amma kwalba ba ciki ba ce. Manyan ƙwayoyin tanin ɗin nan, kaɗan ne daga cikinsu ke ratsa hanji su shiga jini, sauran sai sun gangara ƙasa ƙwayoyin halittar hanji su farfasa su. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa dogon jadawali na ƙarfin hana tsatsar abinci iri-iri, a 2012 ta sauke shi, domin babu hujjar cewa lambobin suna nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, ga kuma 'yan kasuwa sun mayar da shi kayan talla. Kafin nan, a Finland, an gwada ba maza masu shan sigari wajen 29,000 ƙwayoyin ƙarin abinci, da tsammanin za su kare su. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha na bitakarotin, sinadarin da ke cikin karas, sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Karas ɗin kansa bai taɓa yi wa kowa haka ba. Cire sinadari daga abinci a tattara shi wuri guda, shi ne ya sauya lissafin.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da abin da ke gabanka.

In don ci ne a gida, gyaɗa da jan ɓawonta na zaɓa, amma a jikin ƙwayarta, ba a gari ba. Ki saye ta sabuwa, ki zauna ki tsince duk wadda ta motse, ko ta fashe, ko ta sauya launi, ki soya sama-sama. In kin tauna ɗaya kin ji ɗaci, ki tofar, kada ki haɗiye. Riɗi kuwa ki ci yadda kika saba, a kantu ko a miya, soyayye ya fi, kuma surfe bai rage miki wani abin a zo a gani ba.

In mai matsar mai ce, kina neman abin da zai sa manki ya daɗe, riɗi ya kayar da gyaɗa warwas. Gaskiya ne masu bincike sun tatso ruwan ɓawon gyaɗa sun sa a nama da mai sun ga ya jinkirta lalacewa, amma sinadaran ɓawon sun fi son ruwa da barasar ɗakin gwaji a kan mai. Ki bar ɓawon a cikin niƙa, abin da za ki samu shi ne ƙuli mai duhu da bauri, man kuwa bai ƙaru da wani abu mai yawa ba. Na riɗi suna narkewa a mai, don haka ɗan man riɗi a cikin na gyaɗa yana ƙara masa kwana, sai dai zai sauya ƙamshi, kuma dole a gaya wa mai saye abin da ke ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi. Kafin ma a kai ga wannan, akwai abin da ba ya cin ko sisi: a cika galan har wuya don kada iska ta samu wuri, a rufe da kyau, a kau da shi daga rana, kada ɗigon ruwa ya shiga. Kwalaben man da ake jerawa a rana a bakin titi sun fi na cikin shago saurin juyawa, ko da ranar Jos ce mai sanyi-sanyi.

In mai kiwo ne, dusar waken suya ce ta ɗaya ga tumaki da shanu. Jan ɓawon gyaɗa a cakuɗa shi kaɗan cikin dusa, kada ya zama shi ne abincin, kuma a nisanta shi da 'yan tsaki, don tanin zai ɗaure furotin ɗin da ka saya da tsada ya fita a kashi. Saniyar da ake tatsa ma a kula, gubar fumfuna tana bi ta madara.

In kuma sayarwa ce a roba, kamar yadda taubashiyata ta so, babu ko ɗaya cikin ukun da zan ce ta kama da kayan aikin tsakar gida. Sai ta san gonar da gyaɗar ta fito, ta kai kowane kashi ɗakin gwaji a auna gubar, ta nemi rajistar NAFDAC, ta kuma kame bakinta daga cewa yana maganin cuta kaza. Da muka lissafa kuɗin awo kaɗai, ta ga ribar da ta hango ta narke. Ta ce, "Kai dai ba ka son ka ga na yi kuɗi na fi ka." Na ce mata in ta yi kuɗin ma ai ni zan ci.

Gwaggo tana jin mu duk ba ta ce uffan ba. Mako na gaba ta ware mudu guda na gyaɗar da wani manomi da ta sani ya kawo mata, ta tsince tas, ta soya, ta niƙa ba tare da ta sheƙe ba, ta yi miyar taushe da ita. Miyar ta yi duhu, yara suka ce tana kama musu harshe. Karo na biyu ta sheƙe yawanci ta bar kaɗan, ba wanda ya lura. Da na je gaishe ta na tambaya ko za ta ci gaba da haka, ta ce, "Na gida dai zan riƙa bari, ɗan nan. Na sayarwa kuwa, masu sayen ƙulina fari suka saba gani." Sauran ɓawon yana nan ana sharewa, ana haɗa wa awaki da dusar masara.